Yadda Muke Ƙidayar Tsuntsayen Ruwa a Tafkin Dagona Cikin Hunturu

Lokacin kallon tsuntsayen ruwa a ƙasarmu shi ne tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Kafin nan ambaliyar kogin Haɗejiya da na Jama'are ta riga ta ja, ruwan da ya shafe fadamu a ƙarshen damina ya tattare a 'yan tafkuna da gulabe, tsuntsayen gida da baƙin da suka tsallako Sahara daga Turai da yammacin Asiya sun haɗu a wuri guda. Tafkin Dagona, a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa, yana cikin inda suka fi sauka. Tsohon gwiwar kogi ne da ruwa ya sauya hanya ya bari, kuma yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Cadi. An sa shi cikin jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan kare fadamu a 2008, shekara ɗaya da fadamar Baturiya ta Jigawa. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun riga su shiga tun 2000.

A watan Janairu muke babbar ƙidaya, domin a watan ne ake yin ta a ƙasashen duniya da dama, aikin da aka fara tun 1967, wanda yanzu yake ƙarƙashin kulawar ƙungiyar Wetlands International. An zaɓi Janairu ne saboda tsuntsayen sun zauna, ba masu isowa ba masu tashi, don haka da wuya a ƙirga garke ɗaya a ƙasashe biyu. Ƙa'idar Ramsar ta ce fadama ta cancanci shiga jerin idan tana riƙe tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani jinsi. Wannan ne ya sa ba ma wasa da adadi. Wanda ya je ya sha kallo ya dawo ya ce "sun yi yawa ƙwarai" bai kawo komai ba, kuma wanda ya ƙirga bana daga gabas baɗi daga yamma, shi ma lissafinsa ba ya gwaduwa da na kowa.

Aikin yana farawa ne da tambayar ruwa, mako guda kafin tafiya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa wannan yanki ya daina bin damina kaɗai, ya koma yana bin yadda aka saki ruwa daga sama. Ga kuma kacala, ciyawar nan mai tsawo da ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta sa wani wuri ya nutse duk shekara, wani kuma ya ƙafe da wuri. Saboda haka mukan kira ma'aikatan gandun ko wani masunci mu yi tambaya uku: ina bakin ruwa ya tsaya yanzu, akwai laka a fili ko ciyawa ta rufe gaɓa, kuma mota tana isa ko sai babur. Amsar ta biyu ce ta fi muhimmanci. Agwagi suna son ruwa mai faɗi marar zurfi, masu dogayen ƙafafu kuwa laka suke bi. In ruwa ya cika har gindin giyayya da gabaruwa, ba za a ga masu bin laka ba ko da suna yankin, sun koma gonakin shinkafa da aka girbe.

Izinin shiga daga hukumar gandun ake karɓa, kuma ma'aikacinsu ne ke yin rakiya. Mukan riƙe takardar a aljihu, domin mutum da madubin hangen nesa da kyamara a wannan yanki dole a tambaye shi a shingen bincike. A kuma tambayi halin tsaro na ranar daga mutanen wurin, kada a dogara da labarin makon jiya. Idan za a taɓa wani tafki da ke wajen gandun, sai an fara zuwa gaida bulama ko mai unguwa, sannan sarkin ruwa. Ba don ladabi kaɗai ba: masunta ne suka san inda garke ya kwana da inda maharba suka yi harbi jiya. Kuma ba a juya madubi wajen mashaya inda mata ke wanka ko wanki, ko da tsuntsun da ake nema yana can.

Kaya ba su da yawa. Madubin hannu mai ido biyu, wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa, shi ne ya fi dacewa: 8 ɗin ninkin kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Mai 10x42 yana kusanto da abu fiye da haka, amma rawar hannu tana ƙaruwa, musamman da asuba in sanyi ya kama yatsu. Waɗanda ake sayarwa a kasuwa an rubuta musu manyan lambobi irin su 60x60 a bar su a inda suke. Sai babban madubi mai ƙafa uku, mai ninki 20 zuwa 60, guda ɗaya ya ishi mutum uku. Littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey, ƙaramin littafin rubutu, fensir biyu maimakon biro don biro yana ƙin rubutu in takarda ta yi ƙura ko laima, takalmin roba mai tsawo, rigar sanyi da za a iya cirewa, ruwan sha aƙalla lita 2 ga kowane mutum. Tufafi masu launin ƙasa ko toka. Farar riga tana tayar da garke tun daga nesa. Na'urar ƙirga ta hannu tana da wuyar samu, amma carbin zamani da ake saƙalawa a yatsa yana yin aikin daidai, kuma mutum zai iya ɗaura biyu, ɗaya a kowane hannu, ya ƙirga jinsi biyu a zagaye guda.

Sabon shiga yakan yi kwana guda yana ganin dishi-dishi saboda bai daidaita madubin da idonsa ba. Ga yadda ake yi. A rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, a dubi wani abu tsayayye kamar kututturen goruba, a juya babban abin murɗawa na tsakiya har ya fito sarai a idon hagu. Sai a rufe na hagu, kada a sake taɓa na tsakiya, a juya ƙaramin zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito. An gama, daga nan na tsakiya kaɗai ake taɓawa. Mai sa tabarau ya murɗe robar bakin idon ƙasa. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, don haka ba a goge gilashi da gefen riga. A hure shi tukuna, a kaɗe da buroshi mai taushi, sannan a shafa da ƙyallensa.

A tsakiyar Janairu rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:45 a nan. Muna so mu kasance a tsaye a wurin ƙidaya kafin 6:30, ke nan daga sallar asuba sai hanya. Motar tana tsayawa nesa da ruwa, a ƙarasa da ƙafa, ba buga ƙofa ba ɗaga murya. Muna tsayawa a gaɓar gabas domin rana ta kasance a bayanmu. Wanda ya fuskanci rana da safe ba zai ga launi ba, sai baƙaƙen inuwoyi a kan ruwa mai ƙyalli. Ba ma tsayawa a kan tudu inda sararin sama ke bayanmu, mukan jingina da bishiya ko mu zauna a gaban kurmi. Tsuntsayen da aka saba harbi ba sa yarda a matso, sau da yawa tun ana mita 150 ko 200 sun fara shiri. Alamar ita ce su daina kiwo, wuyoyi su miƙe, na bakin gaɓa su fara iyo zuwa tsakiya. Da an ga haka a tsaya cak, ko a ja da baya taku goma a zauna. Garken da aka tayar ya ɓata ƙidayar safiyar, kuma an ci zalinsa, domin kitsen da zai tsallaka Sahara da shi a watan Maris ne yake ƙonawa.

Lokacin aiki gajere ne, kuma abubuwa biyu ne suke matse shi. Da sassafe akwai hazo. Ran da ya yi kauri ba a ganin abin da ya wuce kilomita ɗaya, wani lokaci ko rabin haka, kuma ƙara ninkin babban madubi ba ya magani, hazon yake ƙara kusantowa. A irin wannan rana ninki 20 zuwa 30 ya fi 60 amfani. Daga ƙarfe 10 kuma ƙasa ta ɗau zafi, iska ta fara kawalwalniya a kan laka, tsuntsun da ke nesa ya narke ya zama ɗigo mai rawa. Iskar arewa maso gabas ma takan tashi a daidai lokacin, ta girgiza ƙafafun madubi. Maganin wannan shi ne a rage tsawon ƙafafun a zauna, a rataya jaka mai nauyi a tsakiyarsu. Ke nan tsakanin 7 da 10 ne ake yin ainihin ƙidaya. In hazo ya hana ganin ɗaya gaɓar, a rubuta haka a dawo gobe, kada a cike gurbin da zato.

Mutum uku ne ƙungiya: mai babban madubi yana ƙirga, na biyu yana rubutu, na uku yana riƙe da madubin hannu yana lura da masu shigowa da masu fita. Kafin a fara, mai ƙirga yakan share tafkin da ido sau ɗaya cikin sauri, ya faɗi kimanin jimla da manyan jinsunan da ke ciki. Dalilin shi ne shaho ko shirwar fadama na iya ratsowa a kowane lokaci ta tarwatsa kowa, to in hakan ta faru akwai abin da aka riƙe. Bayan nan a raba tafkin da alamomi marasa motsi, daga waccan gorubar zuwa turken masunta, daga turken zuwa bakin kacala, a bi yanki yanki daga hagu zuwa dama, jinsi ɗaya a kowane zagaye, a fara da wanda ya fi yawa.

In garke bai kai 200 ba, ɗaya ɗaya ake ƙirga shi, ko biyu biyu. In ya fi haka sai awo. A ƙirga goma sosai, a dubi faɗin da goman suka ci, a ninka har a san girman hamsin ko ɗari, sannan a riƙa aza wannan ma'aunin a kan sauran garken kamar mai awon gero da tiya, ana danna carbi a kowane awo. Inda ake faɗuwa shi ne tsakiyar garke. A gefe tsuntsaye a warwatse suke, a tsakiya kuwa a cunkushe, na gaba sun rufe na baya, kuma daga ƙasa ana ganin faɗin garke ne ba zurfinsa ba. Shi ya sa kusan kowa yake ragewa, ba ƙarawa ba, kuma ragin yana ƙaruwa da girman garken. Mukan sake ɗaukar ma'auni a tsakiya dabam da na gefe. Mutum biyu su ƙirga garke ɗaya ba tare da sun ji na juna ba. In bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba a ɗauki matsakaici, in ya wuce a sake. Hoto ma yana taimakawa: a ɗauki wani yanki, da dare a ƙirga shi ɗigo ɗigo a kan allon waya, a gwada da abin da aka faɗa da safe. Babu abin da yake gyara idon mai ƙidaya kamar wannan. Garken da ke sama kuwa a fara ƙirga shi daga gaba zuwa baya, kuma a jira ya juya gefe ya miƙe.

Sanin jinsi shi ne rabin aikin na biyu. Na gida ba su da wuya. Dinya ce mafi girma, baƙa da fari, baki da ƙafa ja-ja. Dani yana da farin ciki, wuya da kai masu ɗigo-ɗigo, namijin da ƙullutu a kan baki, amma a hunturu ƙullutun ya motse, macen kuma ta fi shi ƙanƙanta sosai har a ɗauka wani jinsi ce. Kirinjijiya iri biyu ce, kuma a nan ake yawan kuskure. Mai farar fuska ita ce mai fito sau uku, amma laka takan ɓata farin, 'ya'yan bana kuma fuskarsu toka-toka ce, sai a sa su cikin ɗaya irin mai launin ƙasa-ƙasa. A jira su tashi. Mai launin ƙasan tana da farin lanƙwasa a saman wutsiya, mai farar fuskar kuwa bayanta baƙi ne gaba ɗaya. Cikin bado a duba a hankali, akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa mai koren baya da jan gefe da take lafewa tsakanin ganye.

Baƙin ne suke son haƙuri. Wadda ta fi yawa a cikinsu ƙaramar agwagwa ce mai farar gira, a littafi da manhaja za a same ta da sunan Garganey. Hoton da aka saba gani na namiji mai faffaɗar farar gira na ƙarshen Fabrairu zuwa Maris ne. A Janairu maza da yawa ba su gama sauya gashi ba, suna kama da mata, ruwan ƙasa da zane a fuska da ɗan fari a gindin baki. In sun tashi, gaban fiffiken namiji toka ne mai haske, shi ne shaida. Mai tsinin wutsiya, Pintail, ta fi ta girma, wuyanta dogo siriri, namijin da farin ƙirji da farin layi da ya hau gefen wuya. Mai bakin cokali tana iyo kanta a ƙasa tana tace ruwa. Akwai kuma mai nutso, launin jan ƙasa mai duhu, fari fat a ƙarƙashin wutsiya, namijin da farin ido. Wannan ta yi ƙaranci a duniya, don haka ko guda biyar aka gani a ƙirga su ɗaya ɗaya a ɗauki hoto.

A kan laka, wanda ya fi kowa rikitarwa shi ne wanda littafi yake kira Ruff. Namiji ya fi mace girma nesa ba kusa ba, ƙafafun wani ruwan lemo, na wani kore-kore, wani namijin ma kansa fari. Sabon shiga yakan raba garke ɗaya gida uku. Abin da ya haɗa su shi ne ƙaramin kai, gajeren baki mai ɗan sunkuyawa, gashin baya mai kama da ɓawon kifi da iska ke ɗagawa, kuma ba sa kuka ko sun tashi. Wanda ya tashi da ƙara mai kaifi, yana da farar gira da baya mai ɗigo, wani ne dabam. In ba a tabbatar ba, akwai layi a takarda na "masu bin laka da ba a tantance ba", a zuba su can. Ya fi a ƙirƙira musu suna.

Farare ma ba duka ne balbela ba. Balbela gajeren baki gare ta rawaya, tana bin shanu. Mai baƙin baki da baƙar ƙafa da rawayan yatsu dabam take. Babbar kuwa ta kai zalɓe tsawo, kuma tsagin bakinta ya wuce ido. Su da jinjimi ba a samun adadinsu da safe don sun watsu cikin gonaki, sai da yamma daga ƙarfe 5 a tsaya kusa da gabaruwar da suke kwana a ƙirga su suna shigowa. Wani abin lura kuma: shamuwa ba ta nan a Janairu, ta yi kudu tun ƙarshen damina. Dogon tsuntsu fari mai baƙin fiffike da jan baki da ake gani a busasshiyar fadama ɗan'uwanta ne daga Turai. In an ga zobe a ƙafarsa, a karanta lambar da babban madubi, a rubuta ƙafar hagu ce ko dama, sama da gwiwa ko ƙasa.

A Dagona yawancin ƙidayar daga gaɓa ake yi, amma a Nguru da mashigin Marma sai da kwalekwale, domin kacala ta tare gani. A cikin jirgi babban madubi ba shi da amfani. Mai tuƙi ya yi amfani da sanda ba inji ba, a bi hanya ɗaya kowace shekara, kuma a ƙirga waɗanda aka wuce ko suka tashi suka koma baya kaɗai. Waɗanda suka tashi suka sauka a gaba a bar su sai an iske su, in ba haka ba za a ƙirga kazar ruwa ɗaya sau huɗu. A kauce wa ragar masunta da dumba, wato shingen kamun kifi. Ba a shiga ruwan nan da ƙafa tsirara, saboda tsargiya da matsattsaku.

Ƙirga abu ɗaya sau biyu tsakanin ƙungiyoyi shi ne babban ciwon ƙidayar fadama. Harbi ɗaya a wani tafki ya isa ya kwashe dubban agwagi zuwa na kusa cikin minti kaɗan. Don haka tafkunan da ke maƙwabtaka a rana ɗaya da sa'a ɗaya ake yin su, kuma mai madubin hannu yana rubuta duk garken da ya shigo ko ya fita: ƙarfe nawa, kimanin nawa, daga ina zuwa ina. Da yamma a zauna a gwada. In ƙungiyar yamma ta ce garke ya bar ta ƙarfe 8:20 ya yi gabas, ta gabas kuma ta ce irinsa ya sauka mata 8:30, sai a cire daga ɗaya.

A saman kowace takarda akwai kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, sunayen masu ƙidaya, lambar wurin tsayawa daga GPS na waya, wanda yake aiki ko babu sabis, nisan da hazo ya bari a gani, cikar ruwa, da kashi nawa na tafkin aka iya gani. A rubuta abin da ya dami tsuntsayen: shanu, masunta, harbi, injin ban ruwa. Jinsin da aka saba gani amma bana babu shi, a sa masa sifili, kada a bar gurbin fayau, domin gurbi yana nufin ba a duba ba. Tafkin da aka tarar ya ƙafe ma ana cike masa takarda. Gauraka misali ce: dattawan yankin sun san ta da yawa, yanzu ganinta ya zama labari, kuma sifilin da aka riƙa rubutawa ne yake nuna hakan a lissafi.

Takardun ƙidaya suna zuwa ga mai haɗa ƙidayar na ƙasa ta hannun ƙungiyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF. Wanda ba ya cikin ƙidayar Janairu kuma yana da inda zai kai abin da ya gani, wato shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take gudanarwa. An yanka ƙasar murabba'i murabba'i, kowane kimanin kilomita 9 a tsaye 9 a kwance. Ana so mutum ya yi aƙalla awa 2 a cikin murabba'i ɗaya, cikin kwanakin da ba su wuce 5 ba, yana shigar da kowane jinsi a manhajar BirdLasser bisa jerin yadda ya gan su. A wannan ba adadi ake nema ba, jinsi ne, kuma har da na tudu irin su kurciya, bardo, cilakowa da jan baki.

In an tarar da matattun tsuntsaye da yawa a wuri ɗaya, ko masu layi suna karkata wuya, kada a taɓa, kada a bar yara su ɗauka. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a 2006, kuma ta sha dawowa. A ɗauki hoto daga nesa, a rubuta wurin da adadin, a sanar da ma'aikatan gandun da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Mai kiwon kaji a gida ya wanke takalminsa da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya shiga akurki.